Manzannin Haɗeja zuwa Sakkwato

Mutanen da suka riƙa kai wasiƙar Sarkin Haɗeja Sakkwato sun cancanci jinjina. Tun daga zamanin Sarki Sambo, wanda ya karɓo tuta a hannun Shehu Usmanu, manzo kan ratsa fadamar kogin Haɗeja, ya yi makonni a hanya, ya dawo da umarni da hukunci a rubuce. Wani zai ce ai gaisuwa da mubaya'a kawai suke kaiwa. To, Japan ma ta tura manzonta Ono no Imoko fadar Sin a 607, kuma ta hannun irin wannan ayari ta samo littattafai da tsarin mulki. A Haɗeja kuwa, da Sarki Buhari ya yi wa Sakkwato tawaye, yaƙi ya maye gurbin wasiƙa har rasuwarsa a 1863.