Waƙar Wiliyam Mashal: Tarihi Ko Roƙo?

'Yan makaranta, yau za mu duba muku wani tsohon littafi na Turawa, watau labarin Wiliyam Mashal, jarumin Ingila wanda ya rasu a 1219. Waƙa ce da Faransanci irin na da, layinta ya haura 19,000, an gama ta wajen 1226. Abin da ya kamata ku riƙe tun da fari shi ne, babban ɗan marigayin ne ya sa aka yi ta, shi ya biya mawaƙin.

Wajen iya zuba labari kam ba mu da ta cewa. A 1152, Wiliyam yana ɗan yaro, ubansa ya ba da shi jingina ga Sarki Sitibin, sa'an nan ya karya alkawari. Da aka ce za a rataye yaron, uban ko a jikinsa, wai ai yana iya haifar waɗansu. Sarkin ne ya ji tausayi, ya bar shi. Ga kuma ranar da ya fi kowa a wasan yaƙi na mahaya, aka zo ba shi tukuici, aka yi ta cigiya, sai aka iske shi ya ɗora kai bisa uwar maƙera, maƙeri yana fama da kwalkwalinsa da ya lotse ya ƙi fita. A nan mu ke ganin zaman ɗan babban gida wanda ba shi da gado. Doki da mashi su ne gonarsa, ya kama jarumi ya karɓi fansa, har ya auri magajiyar ƙasa mai yawa a 1189.

Amma ku lura da inda mawaƙin ya ke kauce hanya. A 1205 Wiliyam ya yi mubaya'a ga Sarkin Faransa don kada ya rasa ƙasarsa ta Nomandi, ya kuma ƙi bin ubangidansa, Sarki Jon, zuwa yaƙi. Mawaƙin ya wanke shi tas, laifi duk na Sarki ne da magulmata. Takardar Magna Carta ta 1215 kuwa, wadda mu malamai mu ke wahal da ku a kanta, ko sunanta bai ambata ba. Me ya sa? A ganinmu dalili a fili ya ke. A wannan rikici uban yana gefen Sarki, ɗan da ya biya kuɗin waƙar kuwa yana cikin manya 25 da masu tawaye suka zaɓa su tsare Sarki ga alkawarinsa.