Wa Ya Ƙirga, Me Ya Ƙirga?

Wanda bai daɗe da iya karatu ba yakan ɗauki duk abin da aka buga da lamba kamar yankan wuƙa. Idan mutumin Sabon Birni, can ƙasar Gwarzo, ya ga jarida ta ce ɓarna ta yi yawa a birnin Kano, ga kuma adadi, sai ya hana ɗansa zuwa cin rani. To, mai karatu, bari mu ɗauki adadi guda mu juya shi.

A watan Maris 1953 Anthony Enahoro ya nemi Majalisar Wakilai ta Ikko ta yarda a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Wakilan Arewa ba su yarda ba, mutanen Ikko suka yi musu ature. Da jam'iyyar Action Group ta aiko S. L. Akintola Kano yawon lacca, sai tarzoma ta ɓarke, aka kwana huɗu ana yi, daga 16 zuwa 19 ga Mayu. Rahoton Gwamnati ya ce mutum 36 suka mutu, 241 suka yi rauni. Wasu littattafan kuwa 46 suka ce.

Wannan saɓani ba abin mamaki ba ne. Hukuma ba ta ƙirga sai abin da ya zo hannunta. Gawar da dangi suka yi wa sutura tun kafin la'asar, da mai rauni da ya tafi wurin wanzami, wane malami zai rubuta su?

Amma inda na fi ganin laifin jaridu shi ne wajen ɗora laifi. Na Kudu suka ce En'e da Turawa ne suka zuga jama'a. Mutanen Arewa suka ce tsokanar Action Group ce. Kowa ya ɗauki gawa 36 ya jefi abokin gabarsa da ita. Ga shi kuwa Action Group ƙarfinta a ƙasar Yarbawa yake, amma faɗan da aka yi tsakanin Fagge da Sabon Gari ya fi cin Inyamurai, waɗanda galibinsu NCNC suke bi. Watau akwai wata tsama ta kasuwa da ta zaman unguwa wadda ta girmi zuwan Akintola, wadda kuma ba ta da amfani ga kowace jam'iyya ranar lacca, don haka ba wanda ya tsaya a kanta.

A Ingila dai adadin ya isa. Sakataren Ƙasashen Mallaka, Oliver Lyttelton, ya kira shugabanni taro a London cikin wannan shekara, a 1954 aka ba kowace Jiha ikon harkokinta.