Nkrumah: A Wane Layi Za Mu Ajiye Littafinsa?

A Tamale, da wuya a ambaci Kwame Nkrumah a rediyo layukan waya ba su cika ba. Wani ya tuna makarantar Ghanasco da aka buɗe a 1960, wani ya tuna kurkuku. Amma cikin masu kiran shirina, daga nan Nyanshegu har Sabonjida, ba kasafai ake tabo Consciencism ba, littafin da ya fitar a 1964 da sunan falsafa. Shin masanin falsafa ne, ko ɗan siyasa ne da ya ari rigar malamai?

Masu cewa rigar aro ce suna da abin kamawa. Babin ƙarshe cike yake da alamomin lissafi da ba su ƙara wa hujja ƙarfi ba. Kuma a shekarar da littafin ya fito aka mayar da Ghana ƙasa mai jam'iyya ɗaya, har ya yi kama da wa'azin mai mulki.

Duk da haka, ni ina tare da masu cewa a karanta shi a matsayin falsafa. Ba don digirinsa na biyu a fannin daga Jami'ar Pennsylvania a 1943 ba, sai don tambayar da ya ɗauko: Afirka tana ɗauke da gado uku, al'adun gargajiya, Musulunci, da Kiristanci haɗe da boko, to yaya za su zauna a zuciya ɗaya? Mu da muka tashi tsakanin fadar Dagbon, makarantar allo da ajin boko mun san nauyin tambayar.

Wanda aka kira masanin falsafa kuwa, da ma'aunin da ya kafa ake auna shi. Paulin Hountondji na Benin haka ya yi masa: ya ɗauke shi da muhimmanci, sannan ya soki zatonsa cewa nahiya guda za ta taru a kan tunani ɗaya. Nkrumah da kansa ya yi wa littafin gyara a 1970 yana Konakiri, bayan ya amince akwai gwagwarmayar masu shi da marasa shi a Afirka.

Ga nawa sukan. Ya lissafa Musulunci cikin ginshiƙai uku, amma hirarsa da Turawa ce, daga Thales zuwa Marx. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, Bakano da ya rasu a 1934, ya yi rubutu kan zuwan Turawa da kan talauci a cikin ƙasar nan, bai samu kujera a zauren ba. Sannan littafin ya ce kada a mayar da mutum kayan aiki don cimma buri. To, ina za a sa korar Alhaji Amadu Baba na zangon Kumasi a 1957? Ina za a sa dokar tsare mutum ba shari'a ta 1958, wadda a ƙarƙashinta J. B. Danquah, shi ma masanin falsafa, ya rasu a kurkukun Nsawam a 1965?

Idan muka ce ɗan siyasa ne kawai, mun ba shi mafita, don an saba ɗan siyasa ya faɗa bai cika ba. Idan muka ce masanin falsafa ne, dole ya amsa waɗannan tambayoyi daga shafukan da ya rubuta da hannunsa. A wannan layin nake so ɗalibanmu su same shi.