"Biyu Sau x Da Ɗaya": Inda Hausar Masu Koyar Da Giraf Ke Tuntuɓe

Yau za mu leƙa ajin lissafi, amma da idon nahawu.

Wataƙila ka ci karo da bidiyoyin da ake koyar da lissafin ƙaramar sakandare da Hausa a Facebook ko YouTube. Masu yi sun cancanci yabo, domin yaron da Turanci ya tsare wa hanya yana samun ƙofa. Sai dai a darasin zana miƙaƙƙen layi a takardar giraf, Hausar da yawancinsu ke yi tana iya kai yaro ga amsar da ba ita ba, ko da malamin ya iya lissafinsa sarai.

Ɗauki wannan: y = 2x + 1. Ana ba x lambobi, a nemo y, a jera su gida-gida. Idan x ya zama 0, 1, 2, to y zai zama 1, 3, 5. Wannan jerin wasu ke kira "tebur". Tebur a Hausa na ɗora kaya ne, shi ya sa muke da ɗan tebur a bakin kasuwa. Abin da ake tsarawa gida-gida sunansa jadawali, kuma kowane ɗalibi ya san jadawalin darussa. Wannan ƙaramin laifi ne, yaro zai gane daga abin da yake gani a allo.

Babban laifin yana wajen karanta lissafin da baki. Sai ka ji an ce "biyu sau x da ɗaya". To, me aka ninka? x kaɗai, ko x da ɗayan gaba ɗaya? Mahaɗin "da" yana ɗaure abin da ke gabansa da na bayansa su zama ƙunshi guda, kamar "goro da alawa". Kunnen Bahaushe zai fara haɗa x da ɗaya, sannan ya ninka. Gwada da x = 3. Abin da ke rubuce ya ba da 7, wato shida a ƙara ɗaya. Abin da kunne ya ji ya ba da 8, wato huɗu sau biyu. Duk jadawalin zai gurgunce, kuma layin da ya kamata ya ratsa layin tsaye a kan 1 sai ya ratsa a kan 2. Abin haushin, shi ma miƙaƙƙe zai fito tsaf, don haka yaro ba zai ga alamar ya ɓata ba sai an dawo masa da takardarsa. Maganin kuwa a nahawu yake: a raba aikin gida biyu, kowanne da aikatau nasa. "A ninka x sau biyu, sannan a ƙara ɗaya." Kalmar "sannan" ta yi aikin da baka ke yi a rubutu.

Wannan "da" ɗin dai shi ke sake yin ɓarna wajen sa ɗigo. Ana rubuta (2, 5), malam ya ce "biyu da biyar". Yaro mai kaifin kai zai ce bakwai, kuma ba za ka ga laifinsa ba. Ban da haka, "da" bai damu da wa ya riga wa ba: Audu da Bala su ne Bala da Audu. Amma (2, 5) ba (5, 2) ba ne. Na farko yana kan layinmu, na biyu ko kusa, domin idan x biyar ne, y sha ɗaya ne. A ce "taku biyu dama, taku biyar sama", magana ta ƙare.

Af, ga masu tambaya ko "x ya zama" ne ko "x ta zama": ni namiji nake ba shi, don harafi ne. Wanda ya ce "ta" yana nufin lamba, bai yi saɓo ba, amma ya tsaya a kan guda har ƙarshen darasi.

Sai lambobin da ke ƙasa da sifili. Jadawali mai kyau yakan fara daga −2, kuma a nan za ka ji "ɗebe biyu". Ɗebe aikatau ne, yana neman abin da za a ɗebe daga cikinsa. Ita kuwa −2 lamba ce mai gidanta a kan layi, taku biyu hagu da sifili. Na fi son masu cewa "bashin biyu". Bashin biyu sau biyu, bashin huɗu ke nan. An biya ɗaya, saura bashin uku. Ga −3 ta fito ba gardama. Amma bashi ma yana da iyaka: ranar da aka zo ninka −2 da −3, ba wanda zai iya bayyana bashi sau bashi ya zama riba.

A nan nake son jin ta bakinku, musamman malaman lissafi da 'yan uwanmu na Nijar da suka yi nasu karatun da Faransanci: da wane suna kuke kiran −2 a aji?