Di'ja: Hausarta Yaji Ce, Ba Tuwo Ba

Duk wanda ya zauna Abuja a 2014 ya san babu inda za ka ɓuya wa "Dorobucci". Kasuwar Wuse, motocin Nyanya, shagon aski, gidan biki, ko'ina ita ce. Amma mutum nawa ne a unguwar nan suka san cewa ɗaya daga cikin matan da ke cikin waƙar sunanta Hadiza? Ni kaina sai daga baya na sani.

Hadiza Blell, wadda aka fi sani da Di'ja, mahaifiyarta 'yar Arewa ce, mahaifinta ɗan Saliyo. Ta yi zama a Saliyo da Amurka da Kanada, kuma tun tana can ta fitar da "Rock Steady" a 2008. Ranar 14 ga Fabrairun 2014 Don Jazzy ya ɗauke ta a kamfaninsa na Mavin da ke Legas, ta shigo da "Yaro", inda ta gauraya Hausa da Turanci da Kiriyon Saliyo.

Muryar dai babu gardama a kanta. Siririya ce mai sanyi, irin ta mawaƙan soyayya na Baƙaƙen Amurka. Ba ta ihu, ba ta kokawa da kiɗa, lallaɓa shi take yi. A saurari "Awww" da daddare bayan an ɗauke wuta, za a gane abin da nake faɗa.

To ina matsalar? Matsalar ita ce yadda aka yi amfani da Hausarta. A Legas an mai da ita yaji: a barbaɗa kalma biyu uku don waƙa ta yi ƙamshin Arewa, sannan a koma Turanci. Kuma a waƙoƙin taro irin su "Adaobi", da ta yi da Korede Bello da Reekado Banks, kafin ka gama jin daɗin muryar an wuce wurin. Ko da ta fitar da Aphrodija a 2017, aiki mai tsabta, ni dai na ji kamar mai ɗinki ce da aka ba ta yadin wani. Ba na ganin laifinta ita kaɗai. Kasuwar can ba ta san me za ta yi da mawaƙiya Bahaushiya ba, mu kuma a nan kunnenmu na wajen Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef.

Shi ya sa na yi murna da ganinta a Mati a Zazzau a 2020, fim ɗin da Yaseen Auwal ya ba da umarni, Rahama Sadau na cikin masu shiryawa. Shigarta Kannywood ke nan ta farko. Kamara na sonta, wannan gaskiya ne, kuma ba ta yi rawar kai irin ta sabon shiga ba. Sai dai fim ɗin barkwanci ne, barkwancin Hausa kuwa a baki yake. Idan aka jera ka da Sadiq Sani Sadiq da Rabi'u Rikadawa, mutanen da ko tari suka yi sai an yi dariya, dole a ji bambanci. Su magana zubo musu take yi, ita kuwa sai ka ji tana taka kowace kalma a hankali, kamar mai tsallake kwata da sabon takalmi.

Wallahi ba da raini na faɗi haka ba, don irin Hausar da ake yi a gidana ke nan. 'Ya'yanmu da aka haifa a Abuja suna jin Hausa sarai, amma ka tambaye su da ita su amsa maka da Turanci. Di'ja ta fi kowane jarumin Kannywood kama da su, kuma suna kallonta. Idan suka ga Hausa ado ce kawai a bakinta, haka za su ɗauke ta.

A shekarar da fim ɗin ya fito Hamisu Breaker ya saki "Jaruma", Hausa zalla, ta kuma karaɗe ko'ina har da waɗanda ba sa jin yaren. Ke nan uzurin kasuwa ya ragu. Abin da nake jira daga Hajiya Hadiza shi ne kundi guda da Hausa daga farko har ƙarshe, ta nemi marubucin waƙa daga Kano ko Kaduna su zauna, a sa mata kalangu ko gurmi a ƙarƙashin wannan muryar, a rage ƙarar na'ura. Fim kuma, in za ta ƙara, a ba ta rawar yarinyar da ta tashi a Gwarimpa aka kai ta ƙauye aure. Wannan ba sai an koya mata ba.