Jirgin Nemo da Jiragen Gaskiya

'Yan makaranta, mun karanta littafin nan da Bafaranshe Jules Verne ya fitar a 1870, watau labarin Kyaftin Nemo da jirginsa Nautilus mai tafiya ƙarƙashin teku. Wajen daɗin labari ba mu da ta cewa. Amma masu cewa Verne ya hango abin da ba a taɓa yi ba sun yi kuskure. Tun 1800 Robert Fulton ya gwada jirgi mai wannan suna a Faransa.

Aibin littafin ɗaya ne: ya mai da abu mai wuya kamar wasa. Nemo na zaune cikin daula, lantarki na tura masa jirgi. To, na gaskiya fa? Jirgin Hunley na Amurka da hannu ake juya farfelarsa. Sau biyu yana nutsewa da mutane tun wajen gwaji. A 1864 ya nutsar da jirgin yaƙi Housatonic, shi ma ya tafi da mutum takwas.

Mu na bakin gulbin Zamfara mun sani, nutso ba wuya, fitowa ce aiki. Ku karanta Verne don nishaɗi, amma ku tuna da rayuka aka sayi wannan fasaha.