Garin Neman Gira: Sharhi a Kan Hotunan Bangon Littattafanmu

Duk wanda ya halarci bikin Uhola a Zuru ya san fuskar dattijon Badakkare: ga tsaga, ga gumi, ga tamojin shekaru. Abin takaici, a kalanda da bangon littattafai yanzu sai mu ga manhajar ƙara girman hoto ta goge fuskar sumul kamar ta 'yar tsana, tsagar ta ɓace. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Lissafin ba wuya. Maɗaba'a tana son ɗigo 300 a kowane inci. Hoto mai faɗin ɗigo 1,200 inci 4 kawai zai cika, alhali bangon inci 6 yana bukatar 1,800. Ragowar kuwa na'ura ce ke ƙago shi, ko a matsa kaifi har farin layi ya zagaye kan mutum.

Shawararmu ga 'yan'uwa marubuta ita ce, ku karɓi asalin hoto daga hannun mai ɗauka, ba wanda WhatsApp ya matse ba, kuma a buga gwaji a takarda tukuna. In hoton ya gaza, a bar shi ƙarami. Gara ɗan dishi-dishi da a buga dattijon da jikokinsa ba za su shaida ba.